Kashi 13 ɗin nan da ake ta surutu a kai, ga yadda doka ta ce

Duk wata da FAAC, kwamitin rabon kuɗin asusun tarayya, ta fitar da rabo sai ka ga ana yawo da hoton jadawalin a WhatsApp, wai Delta da Akwa Ibom sun kwashe kuɗin raya karkara an bar Arewa hannu rabbana, wasu har cewa suke sabuwar doka ce aka shigo da ita ta bayan fage. Jama'a, dokar kashi 13 da ake ba jihohi masu albarkatun ƙasa ba sabuwa ba ce. Tana nan a sashe na 162(2) na kundin tsarin mulkin 1999.

Abin da sashen ya ce shi ne, duk kuɗin da ya shiga asusun tarayya daga albarkatun ƙasa, a cire aƙalla kashi 13 cikin 100 a mayar wa jihar da aka tono arzikin. Albarkatun ƙasa fa, ba man fetur kaɗai ba, wato jihar da ake haƙo zinare ko kuza ita ma tana da haƙƙi, matsalar dai mafi yawan haƙar ba ta bin hanyar da kuɗi zai shiga asusun, to kashi 13 na me za a ba ka? Sannan "aƙalla" aka ce, ƙasa da haka ne ba a yarda ba, shi ya sa mutanen Neja Delta ke ta neman ƙari kuma ba su saɓa doka ba.

Sauran kuɗin kuma tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Wajen raba wa jihohi, kashi 40 kowa daidai ne, 30 yawan jama'a, sauran faɗin ƙasa da yanayinta, harajin cikin gida da lamuran ilimi da lafiya. Nan kam gaskiya Arewa ba ta da ta cewa, Kano ƙananan hukumomi 44, Legas 20, Bayelsa 8 kacal, su ma 'yan Kudu kukan da suke yi kenan.

Inda aka fi cutar mutumin ƙauye a ganina shi ne sashe na 162(6), asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗi ya taso daga Abuja da sunan ƙaramar hukuma, sai ya fara sauka hannun gwamna, shi zai ce ga na albashi ga na kwangila, ciyaman ya koma gida ko gyaran famfon burtsatse bai iya yi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma wadda kantoman riƙo ke jagoranta ba zaɓaɓɓe ba, ba za ta ga ko sisi ba. Aiwatarwa dai har yanzu ana jan ƙafa, kuma ba gwamnonin Kudu kaɗai ke jan ba.