Hotunan tauraron ɗan'adam na kasuwa da tsaron ƙasa

Hotunan tauraron ɗan'adam na kasuwa su ne hotunan doron ƙasa da kamfanoni masu zaman kansu ke ɗauka daga sararin samaniya, su sayar wa duk mai kuɗin saye. A da, manyan ƙasashe irin su Amurka da Tarayyar Sobiyet kaɗai ke da ido mai kaifi haka. Lamarin ya sauya a 1999 da aka harba tauraron Ikonos, mai iya rarrabe abin da faɗinsa ya kai kimanin mita ɗaya, sannan a 2005 manhajar Google Earth ta kawo wa kowa hotunan kyauta. Tauraron WorldView-3 na 2014 yana kama abu mai faɗin santimita 31. Ba ya nuna fuskar mutum, amma yana bambance akori-kura da ƙaramar mota.

Haɗarin ya fi faɗa wa abin da ba ya motsi. Mai waya a Ƙofar Soro da ke Katsina zai iya duba filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya bi titin Daura har iyakar Kwangwalam, ya ga katangar bariki ko ta makarantar kwana, da ƙofofinta, da hanyar da ta ɓulle ta baya. Galibin hotunan kyauta sun yi watanni ko shekaru da ɗauka, sai dai katanga ba ta tashi daga inda aka gina ta. An ruwaito cewa maharan Mumbai na 2008 sun nazarci birnin ta Google Earth. Shi kuwa ɗan bindigar da ke Dajin Rugu, a inuwar itatuwa yake, yau nan gobe can a kan babur, ga gajimaren damina na rufa masa asiri. Wato hoton ya fi tona mai tsaro a kan wanda ake nema.

Ƙasashe sun gwada toshe ƙofar. Wata dokar Amurka ta 1997 ta taƙaita ingancin hotunan Isra'ila, kuma a 2001 Amurka ta saye duk hotunan Afganistan da Ikonos ya ɗauka don kada wani ya samu. Dabarar ta yi rauni da kamfanonin wasu ƙasashe suka shigo kasuwar. Nijeriya, wadda hukumarta ta sararin samaniya, NASRDA, ta mallaki NigeriaSat-1 a 2003 da NigeriaSat-2 a 2011, ba ta da iko da tauraron wani idan ya ratsa samanta.

Hotunan nan dai su ne Amnesty International ta fitar a 2015 don nuna yadda aka ƙone Baga da Doron Baga. A Katsina kuma, abin da hukumomi suka fi kuka da shi ba daga sama yake ba: infoma ne, wanda ya san ranar kasuwa da gidan da aka sayar da shanu.