Ruwan da ke cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama: tambayoyi da amsoshi

Wai da gaske akwai ruwa a cikin irin waɗannan duwatsu?

Akwai. Amma ba ruwan da za ka matse ya ɗiga ba ne. Ya shiga ginin ma'adinan dutsen, ya mai da su yumɓu. A rukunin duwatsun da ake kira CM, irin dutsen Murchison da ya faɗo a Ostireliya a 1969, ruwan kan kai kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa.

Daga ina ruwan ya fito?

Ƙanƙara ce. Ta haɗu da ƙura tun farkon samuwar rana da duniyoyinta, kimanin shekara miliyan 4,567 da suka wuce. Zafin da aluminiyam-26, wani nau'in aluminiyam mai rugujewa da kansa, ke fitarwa yayin rugujewarsa shi ya narkar da ita a cikin uwar dutsen, wato babban dutsen sararin samaniya da guntun ya ɓalle daga jikinsa.

Me ruwan ya yi wa dutsen?

Ya ci ma'adinan olibin da firoksin, suka koma safentin da safonayit, wato nau'o'in yumɓu. Ƙarfe ya zama magnetayit, iskar haidurojin ta fita, kalsayit da dolomayit suka daskare a ramuka. Duk cikin shekaru miliyan kaɗan na farko.

To wannan hujja ce cewa akwai rai a can?

A'a. An sami amino asid, tubalan ginin furotin na jikin halittu, a Murchison, amma sinadari ne ya haɗa su, ba halitta ba. Don Allah a daina yaɗa wannan magana.

Ta yaya ake gane sauyin da ruwa ya yi a can sama da wanda ya faru bayan dutsen ya faɗo?

Nan fa aikin yake. Ya danganta da ma'adinin da kake dubawa da kuma inda dutsen ya kwana. Yumɓu da dolomayit yawanci na can ne, domin aisotof ɗin oksijin da haidurojin da ke cikinsu, wato nau'o'insu masu bambancin nauyi, sukan bambanta da na doron ƙasa, kuma ana iya auna shekarun dolomayit ta hanyar rugujewar manganis-53. Gishiri kuwa sai an yi hattara. Dutsen Orgueil, na rukunin da ake kira CI, ya faɗo a Faransa a 1864, aka daɗe ana ɗaukar fararen jijiyoyin gishirin salfet da ke jikinsa a matsayin aikin ruwa tun a sararin samaniya, daga baya aka nuna danshin ɗakunan ajiya ne ya tsiro da su. Ko na Winchcombe, da aka fara kwashewa a Ingila cikin sa'o'i a 2021, sai da gishiri ya tsiro a wasu gutsattsarinsa. Amma kada wannan ya sa ku ƙaryata kowane gishiri. Samfurin Bennu, wani babban dutse da ke kewaya rana, wanda kumbon OSIRIS-REx ya kawo a rufe a 2023 yana ɗauke da gishirin da ruwa ya bari bayan ya ƙafe tun can. Na Ryugu kuma, wani babban dutsen irinsa, giram 5.4 da kumbon Hayabusa2 ya kawo a 2020, ya yi kama da nau'in CI ƙwarai, sai dai babu tarin salfet ɗin nan. Saboda haka shaida guda ba ta isa ba, sai an haɗa biyu ko uku.

Idan na tsinci wanda ya faɗo, in wanke shi?

Kada ka kuskura! Wanka ɗaya zai narkar da gishirin da ya fi ƙasusuwan kowace halitta daɗewa. Kada ka taɓa shi da hannu, gumi ma gishiri ne. Ɗauke shi da takardar aluminiyam mai tsabta, ka sa a kwalba busasshiya, ka rubuta wuri da lokaci, ka kai wa masana ilimin duwatsu.