Me ake nufi da ranar fara aikin biza ga ɗalibi mai tafiya Birtaniya?

Duk wanda ya samu gurbin karatu a Birtaniya yana da ranaku uku a gabansa, kuma ɗalibai da yawa kan ɗauke su abu guda. Akwai ranar da makaranta za ta fara darasi, akwai ranar ƙarshe da za ta karɓi rajistar wanda ya makara, sai kuma ranar fara aikin biza. Ta ukun ita ma'aikatan kamfanin jirgi za su duba a Legas ko Abuja kafin su bari ka hau, ita kuma jami'in shige da fice zai duba idan ka sauka a filin jirgin Heathrow na Landan.

Ranar fara aikin biza ita ce rana ta farko da aka yarje maka ka taka ƙasar a matsayin ɗalibi. Samun saƙon cewa an ba ka biza ba ya nufin gobe sai tashi. Ana iya amincewa da bizar mutum a watan Yuni, amma izinin ba zai kankama ba sai ƙarshen Agusta. Kafin ranar nan ta zo, biza tana nan da sunanka amma ba ta buɗe maka ƙofa.

Lissafin yana farawa ne daga takardar CAS, wato lambar da jami'a ke ba ɗalibi don shaida wa gwamnati cewa ta karɓe shi kuma ta tsaya masa. A cikinta aka rubuta ranar fara kwas. Idan kwas ɗin ya wuce wata 6, ana iya barinka ka shiga wata guda kafin wannan rana. Idan wata 6 ne ko ƙasa da haka, mako guda kawai. Mai digiri na biyu da zai fara ranar 22 ga Satumba, alal misali, ba zai samu izinin da ya fara kafin 22 ga Agusta ba.

Sai dai watan nan guda iyaka ce, ba alkawari ba. A fom ɗin neman biza akwai wurin da ake tambayar ranar da kake niyyar tafiya, kuma mutane kan cike shi da ka, ko su bar wa wanda ke cike musu fom ya rubuta abin da ya ga dama. Wannan rana tana da tasiri. Ana iya sa izininka ya fara kwana 7 kafin ranar da ka rubuta. Wanda ya rubuta 15 ga Satumba, to bizarsa na iya fara aiki ranar 8 ga Satumba, alhali ya riga ya sayi tikitin ƙarshen Agusta saboda ya ga da sauƙi. Ina roƙon iyaye musamman: kada a biya kuɗin jirgi sai an ga ranar da ido. Tun daga tsakiyar Yulin 2025 ɗalibai ba sa samun tambarin biza a cikin fasfo, a intanet ake ba da ita, don haka sai ka buɗe asusunka na UKVI, wato hukumar biza da shige da fice ta Birtaniya, ka karanta ranar da kanka, ka kuma tabbatar lambar fasfon da ke ciki ita ce ta wanda za ka yi tafiya da shi.

Akwai wata dabara da wasu ke ba da shawara, wai tunda kana da tsohuwar bizar ziyara da ba ta ƙare ba, ka shiga da ita ka zauna wurin 'yan uwa a Landan ko Manchester har lokaci ya yi. Wanda ya shiga a matsayin baƙo, baƙo ne a idon doka, ko da ranar bizar karatunsa ta zo yana cikin ƙasar. Baƙo ba ya aiki, kuma ba a sauya bizar ziyara ta koma ta karatu daga ciki. Dole ya fita ya sake shigowa a ranar da izinin ɗalibinsa ya fara ko bayanta. Tsallakawa Ailan ba ta wadatar ba, domin ita da Birtaniya suna cikin yankin zirga-zirga guda. An yi gudun kuɗin tikiti ɗaya, an ƙare da biyan biyu.

A ganina ma ba kowa ke buƙatar cin watan gaba ɗaya ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai galibi sai dab da fara zango ake buɗe su, kuma kowane dare kafin nan daga aljihunka ne, da fam, a lokacin da naira ba ta da ƙarfi. Kwana goma zuwa mako biyu sun isa mutum ya karɓi makulli, ya buɗe asusun banki, ya yi rajista da likitan unguwa, ya gane hanyar makaranta.

Makara ta fi sammako haɗari. Ana iya neman biza tun wata 6 kafin fara kwas, kuma amsa kan ɗauki kimanin mako 3, amma kafin nan sai kuɗin da za ka nuna sun zauna a asusu kwana 28 a jere, sai gwajin tarin fuka a asibitin da Birtaniya ta amince da shi, sai kuɗin kiwon lafiya na fam 776 a shekara. Wanda ya fara haɗa waɗannan a Agusta yana iya wuce ranar ƙarshen rajista, kuma wajibi ne jami'a ta sanar da ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya cewa bai zo ba, abin da kan kai ga soke izinin. Idan ka ga alamar za ka makara, ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar tun kana gida, ka nemi amsa a rubuce.

Amurka ma tana da irin wannan ƙa'ida, sai dai lissafinta daban. Ana iya ba sabon ɗalibi bizar karatu ta F-1 har kwana 365 kafin fara karatu, amma ba zai shiga ƙasar ba sai saura kwana 30 ko ƙasa da haka ga ranar da ke kan takardarsa ta I-20, wadda makaranta ke ba shi don shaida cewa ta karɓe shi. A can bizar da ke cikin fasfo tana iya nuna cewa tana aiki, shi ya sa ɗalibin ne zai ƙirga kwanakin da kansa daga takardar makaranta kafin ya zaɓi ranar tashi.