Adashe a Birnin Kano

Adashe, wasu kuma su ce adashi, hanya ce ta tara kuɗi tsakanin mutanen da suka san juna. Kowa ya zuba adadin da aka yanke a ranar da aka tsayar, mutum ɗaya ya kwashe, a yi ta zagayawa har ya iso kan kowa. A Kano matan aure suna yinsa a cikin gida, 'yan kasuwa suna yi a Kantin Kwari, Sabon Gari da Kurmi, ma'aikata kuma suna ɗaura nasu da ƙarshen wata.

Abin da ake bayarwa shi ne zubi, ɗaukar abin da aka tara kuma kwasa. Rabon mutum ana ce masa hannu. Mai hali yakan shiga da hannu biyu, marasa ƙarfi biyu kuma su haɗu a hannu ɗaya su raba kwasar. Idan hannu 10 ne, zubi naira 5,000 duk Juma'a, kwasa naira 50,000 ce, zagaye ya ƙare a mako 10. Uwar adashe ita ke karɓa, ta rubuta, ta bi wanda ya makara, ta miƙa wa mai kwasa, shi kuma bisa al'ada ya ba ta tukuici. Akwai kuma na kullum a kasuwa, inda mai karɓa yake bin rumfuna da kati, ƙarshen wata ya mayar wa kowa nasa, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan aikinsa. Wannan ajiya ce kawai, babu zagaye a ciki.

Jerin kwasa shi ne zuciyar al'amarin. Wanda ya kwasa da fari rance ya ci ba tare da ruwa ba, na ƙarshe kuwa shi ya ranta wa kowa. Shi ya sa uwa mai lura ba ta sa baƙon hannu a gaba, tana ajiye shi can baya sai an ga zubinsa. Ana tsara jerin da ƙuri'a ko da duba lalura, kuma a nan zumuncin yake bayyana: mai haihuwa, mai jinya ko wadda kuɗin haya ya taso mata sai a musanya mata layi.

Yawanci adashe yana rushewa ne ta hanya uku: wanda ya kwasa ya daina zubi, uwa ta juya kuɗin mutane a kasuwancinta ranar kwasa ta zo babu, ko a rasa rubutu gardama ta tashi. Maganinsu littafi mai sa hannu, mai tsaya wa kowane sabon shiga, da miƙa kuɗi ranar da aka tara, kada su kwana. Mai turawa ta waya ya adana shaidar turawar.

Tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tsadar kaya ta sa kwasar ƙarshe ba ta sayen abin da ta fari ta saya, don haka gajeren zagaye ya fi adalci. Wasu kan karkata ga kaya: a haɗa kuɗi a sayo buhun gero ko wake a kasuwar hatsi ta Dawanau, a raba da kwano a farashin sari. Haka ake yin watanda gabanin Sallah, a yi karo-karo a sayi sa, mahauci ya yanka a kasa naman daidai da yawan hannu.