Horar da kwikwiyo da tsare iyali daga cizo

A zagayen da muke yi na rigakafin dabbobi, koken da masu karnuka suka fi kawo mana shi ne kwikwiyo ya ɓata tsakar gida da kashi da fitsari, ko ya tattaune takalman mutane, ko kuma ya girma ya zama mai kai wa duk wanda ya yi sallama cizo. Yawancin waɗannan halaye a watanni ukun farko kare yake ɗaukarsu, kuma sau da yawa mai shi ne ya koya masa ba tare da ya sani ba.

Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8, domin a cikin 'yan'uwansa yake koyon sassauta haƙori: idan ya ciji ɗaya da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya daina wasan, shi kuma ya gane ya wuce iyaka.

Game da bayan gida, a ware masa kusurwa guda nesa da rijiya da madafa da wurin wasan yara, a riƙa kai shi can da zarar ya farka, da bayan ya ci abinci, da kafin a kwanta. Idan aka ga yana sunsunar ƙasa yana zagayawa wuri ɗaya, to ya matsu ne, sai a ɗauke shi ba tare da tsawa ba. Da ya yi a inda ake so, a shafa kansa, a ba shi ɗan guntun nama nan take. Abin da na fi hana mutane shi ne duka ko goga masa hanci a cikin kashin da aka tarar daga baya, domin ba ya danganta dukan da abin da ya yi ɗazu. Abin da zai koya kawai shi ne ya laɓe bayan rumbu ya yi. A wanke inda ya ɓata da sabulu sosai, saboda warin ne ke mayar da shi wurin. Kashin kuma a kwashe a binne kullum, a ba shi maganin tsutsar ciki, domin ƙwan tsutsar yana daɗewa a cikin ƙasar da yara ke rarrafe a kai.

Taune-taune yana tsananta tsakanin wata 3 zuwa 6, lokacin da yake canza haƙora. Igiya mai kauri da aka ƙulla ta wadatar ya riƙa taunawa, amma ban da dafaffen ƙashin kaza, wanda ke tsagewa ya soki hanji.

Akwai masu ɗaure kare da sarƙa a rana wuni guda, suna hana shi abinci wai domin ya yi zafi ya iya gadi. Irin wannan kare ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya leƙo zaure. A bar shi ya saba da mutanen gida da awaki da kaji tun yana ƙarami, a kuma ja wa yara kunne kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kada su kusanci karya mai shayarwa. Gurnani gargaɗi ne, a ja da baya.

Idan kare mai sanyin hali ya canza farat ɗaya, yana dalalar da yawu yana cizon duk abin da ya gani, a yi zaton cutar haukan kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, da yawansu yara. A yi wa kwikwiyo allurar rigakafi yana wata 3, a maimaita duk shekara, a adana katin. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura. Wanda aka ciza kuwa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar, a kuma killace karen kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.