Idan kansar baki da maƙogwaro ta dawo, ina bincike ya kwana?

Me ya sa ta fi wuyar magani in ta dawo?

Wurin ya riga ya sha wuƙar tiyata da gashin na'ura mai ƙona kansa da haske. Naman wuya ya taurare, yawu ya ƙafe, wani majinyacin ko kunu ba ya iya haɗiyewa sai ta tiyo. Sake gasa wurin na da haɗari. Idan ƙarin zai yanku, tiyata likitoci suka fi so. Idan ba zai yanku ba, ko ya bazu zuwa huhu, sai a koma ga magungunan da ake sa wa ta jijiya.

Wane ci gaba aka samu?

A 2008 gwajin EXTREME, mai majinyata 442, ya nuna cewa haɗa maganin cetuximab da kemo (magungunan da ke kashe ƙwayoyin kansa) ya ɗaga matsakaicin tsawon rai daga wata 7.4 zuwa 10.1. Daga nan aka juya ga magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi kansar da kanta. A 2016 gwajin CheckMate 141 ya gwada nivolumab a kan waɗanda kemo ya gaza musu: kashi 36 cikin ɗari suna raye bayan shekara guda, a rukunin da aka ba maganin da aka saba kuwa kusan kashi 17. Sai KEYNOTE-048 a 2019, mai mutum 882, wanda ya sa pembrolizumab, shi ma mai zaburar da garkuwar jiki, ya zama maganin farko.

To, ƙarin wata biyu ko uku har abin faɗa ne?

Mai wannan tambaya yana da gaskiyarsa, yawancin majinyata ba sa warkewa. Amma matsakaicin lissafi yana ɓoye wani abu. A KEYNOTE-048, kusan kashi 14 na masu karɓar pembrolizumab kaɗai sun kai shekara 5, ninki biyu na rukunin da aka ba cetuximab da kemo. A ganina nan ne nasarar take. Matsalar ita ce gane wa zai amfana tun da wuri. Don gane hakan ana auna wani sinadari mai suna PD-L1 a jikin ƙarin, sai dai ba kullum yake faɗar gaskiya ba.

An daina kemo ke nan?

A'a. Kemo ya fi saurin sa ƙari ya motse, don haka in ƙarin na neman toshe numfashi, haɗa shi ake yi da maganin zaburar da garkuwar. Shi ma sabon maganin yana da tasa illar: garkuwar da aka zaburar kan juyo kan huhu, hanji ko hanta.