An auna ka kyauta, ina maganin?

Jama'a, abin nan ya ishe ni. Kullum sai an kawo mana magidanci asibiti a bayan a-daidaita-sahu, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Idan muka duba jakar da aka zo da ita, sai ga takardar awon hawan jini a ninke, duk ta yi datti, ga kwalin magani ko rabi ba a sha ba.

Wannan takarda da wahala aka samo muku ita. Tun 2017 Ƙungiyar Masana Hawan Jini ta Duniya ta ware watan Mayu don auna mutane kyauta, takwararta ta Najeriya kuma tana fitowa da likitoci da ma'aikatan jinya da ɗalibai. Su bar aikinsu, su kafa rumfa a kasuwa ko tasha, su yini a rana suna ɗaura wa mutane na'ura a damtse, aikin sa kai. Ranar 17 ga Mayu ma an keɓe ta ne saboda wannan cuta. Alƙaluman da suka tara suna wallafa su don hukuma ta san girman matsalar. Allah ya saka musu.

Amma fa ba za su bi ka gida su zuba maka ƙwaya a baki ba.

An ce maka jininka ya kai 140/90 ko ya wuce. Ka sha magani 'yan kwanaki, kai ya daina sarawa, ka ajiye. "Ai na warke, 'yata." Ba ka warke ba, Baba! Hawan jini ba zazzaɓi ba ne. Sau da yawa ko alama ba ya nunawa, yana can yana cin ƙoda da zuciya. Hajiya, ke ma da ke nake, mai shan magani sai ranar da aka ɓata mata rai. Wa ya ce miki haka ake sha?

Na san kuɗin magani da nauyi, wallahi na sani. Ka faɗa mana, a nemo mai sauƙi. Kuɗin wankin ƙoda gonaki ake sayarwa a biya.

Don Allah:
- Kai takardar asibiti mafi kusa a makon nan.
- Sha magani kullum, da ciwon kai ko babu.
- Ka koma kafin ya ƙare.
- Rage gishiri da ɗanɗanon dunƙule.
- Baki ya karkace ko hannu ya mutu, a wuce asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.